Wasiƙa kan Kuromosom ɗin Tsuntsaye

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka tambaye ni ko ƙirga kuromosom zai nuna wane tsuntsu ne ɗan'uwan wane. Yana taimakawa, amma shi kaɗai bai isa ba.

Kuromosom dai su ne ƙunshin da bayanan gado ke naɗe a ciki. Mutum 46 gare shi, kaza 78, jimina 80. Yawancin tsuntsaye ba sa nisa da 80 ɗin nan: 'yan manya kaɗan, sauran kuwa mitsi-mitsi, da ƙyar ake ƙirga su ko da madubin ƙara girma. To, in kusan kowa adadinsa ɗaya, me ƙirga za ta bambance? Ai waɗanda suka fita daga sahu ake nema.

Dubi ungulu. Ta Afirka da ta nahiyar Amurka kamar an tsaga kara: kai ba gashi, abinci mushe. Amma ta Amurka 80 gare ta, tsarinsu kusan irin na kaza, ta Afirka kuwa 66, irin adadin da ake yawan samu a dangin gaggafa da shirwa. A wannan dangi manyan kuromosom sun rarrabu, ƙananan kuma sun manne da wasu. Ashe ungulun Afirka ta fi kusa da gaggafa a kan takwararta ta ƙetaren teku. Hanyar neman abinci ce ta sa suka yi kama.

Na falkon, tsuntsun nan da Larabawa ke farauta da shi, ya fi ɗaure kai. An daɗe ana haɗa shi da su gaggafa saboda ƙumba da baki. Nau'insa mafi gudu kuromosom 50 kacal gare shi, domin shi ma wasunsu sun manne da juna. Binciken DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado) na 2008, da na 2014 da ya kwatanta tsuntsaye 48, suka nuna danginsa na kusa su ne aku da ƙananan tsuntsaye masu waƙa. Aku ma an ga mannewar a jikinsa, sai dai ni ba zan kafa hujja da ita ba, domin mannewa kan faru a dangi biyu, kowanne daban.

Af, ka gaya wa ɗalibanka: a tsuntsaye mace ce mai kuromosom ɗin jinsi iri biyu daban, ZW, na namiji kuwa iri ɗaya ne, ZZ, don haka daga uwa jinsin ɗan tsako ke fitowa.

A gaida mutanen gida.

Naka,
amininka