Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan Matasa da Wasanni na Jihar Katsina

Mai girma Kwamishina, assalamu alaikum.

Na shafe shekaru ina horar da yaran sakandare gudu da ƙwallon ƙafa a birnin Katsina, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Za ka ga yaro lafiya lau, amma da zarar ya zagaya fili sau biyu sai ya dafe gwiwa yana haki, numfashi yana sarƙe masa, mu kuwa masu horarwa sai mu ce raki ne. Ni kaina na yi wata uku ina yi wa wani ɗalibina faɗa kafin gwaji ya nuna ƙarancin jini ke damunsa, sakamakon tsargiyar da ya ɗauko a wankan kududdufi. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ma suna cin jini, 'yan mata kuma haila tana ƙara rage musu shi. Akwai asmar da ba ta tashi sai an motsa jiki, wadda sanyi da ƙurar hunturu ke tsanantawa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ciwon zuciya, domin yakan ɓuya a jikin matashi mai ƙarfi, alamarsa ba ta wuce haki da jiri da ciwon ƙirji ba. Samuel Okwaraji, ɗan wasan ƙwallon ƙafa na Najeriya, ya faɗi ya rasu a filin wasa na Legas a 1989, aka gano zuciyarsa ta kumbura. A watan Maris na 2020 kuma, ana tsakiyar wasa da Katsina United a garin Lafiya, Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa.

Ranka ya daɗe, roƙona shi ne ma'aikatarka ta haɗa kai da ta lafiya, a wajabta duba kowane ɗalibi kafin gasar makarantu: a auna jininsa, a yi masa gwajin sikila, a saurari ƙirjinsa, a tambayi iyayensa ko an taɓa yin mutuwar fuju'a a danginsu. Wanda aka ga alama a jikinsa a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Mu kuma masu horarwa a koya mana yadda ake danna ƙirji a farfaɗo da wanda ya faɗi, kuma kada a buɗe gasa a filin wasa na Muhammadu Dikko sai da motar asibiti a bakin fili.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin wasanni, Katsina