A koya wa yaranmu manhajojin zanen gini na kyauta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan uwana masu zanen gine-gine a Sakkwato, musamman malaman da ke koyar da wannan sana'a.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zana wa mutane gidaje da shaguna, daga Mabera har Arkilla. Kowa ya san yadda ake samun manhajar zane a garin nan: ka kai kwamfuta wajen mai gyara, ya ɗura maka ta sata. Ban ga laifin yaran sosai ba, domin tun 2016 aka daina sayar da AutoCAD, fitacciyar manhajar zanen gini, sayen dindindin, sai haya, kuma da dala ake yanka farashin. Amma bara yaron da ke koyo a hannuna ya kai tasa aka ɗura masa irin wannan, ashe da cutar kwamfuta a ciki. Ta cinye masa zanen wani gidan bene ana saura kwana biyu a fara haƙa fandisho. Har yau ban manta hawayen yaron nan ba.

Daga nan na koma neman manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda kowa ke da izinin saukewa, ya duba yadda aka rubuta su, ya gyara, ya ba wani. Halal ne, ba ɓoye-ɓoye. LibreCAD ta ishe ka zanen shimfiɗe, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Wadda ta kama zuciyata ita ce FreeCAD. Tun 2002 ake renonta, sai a Nuwamban 2024 aka fitar da zubi na 1.0. A cikinta bango bango ne, yana da kauri da tsayi. In maigida ya ce a faɗaɗa zaure, kamar yadda suka saba bayan an gama komai, lamba kake canzawa sauran su bi. Na zana baka da tulluwa irin na tsoffin sorayenmu da ita, na kai Blender, wata manhajar kyauta mai nuna abu kamar a zahiri, na juya rana in ga inda inuwa za ta faɗi da azahar. Duk wanda ya sha zafin Afrilu a Sakkwato ya san wannan ba ado ba ne.

Akwai wahala, ba zan ɓoye ba. Hannun da ya saba da wata manhaja sai ya yi makonni yana tuntuɓe, kuma fayil ɗin DWG, wato irin wanda AutoCAD ke adana zane a ciki, ba ya buɗuwa kai tsaye a FreeCAD sai an haɗa da wata manhajar mai juya shi. Ni da injiniyan da muke aiki tare DXF muke musaya, wani nau'in fayil ɗin zane da FreeCAD ke buɗewa, ya wadatar.

Roƙona ga malamai shi ne su ware wa waɗannan manhajoji ko da zango ɗaya. Sannan masu sa kai ne ke fassara FreeCAD zuwa harsuna ta intanet. Azara, tubali, ginshiƙi, dakali, duk muna da sunayensu. Ina neman mutum uku ko huɗu da za mu riƙa zama ranar Asabar bayan la'asar mu fara sa Hausa a ciki.

Naka,
Wani mai zanen gini,
Mabera, Sakkwato