Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Wali (Gwamnan) Jihar Sennar ta ƙasar Sudan

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe.

Ni malamin firamare ne daga Mai Wurno, garin da kakanninmu suka kafa bayan sun yi hijira daga arewacin Najeriya sakamakon yaƙin Burmi da Turawan Ingila na 1903. Tun da Singa, babban birnin jiharmu, ta dawo hannun gwamnati daga mayaƙan RSF a Nuwamban 2024, kowa ya zuba ido ya ga yadda ofisoshin mahaliyya, wato ƙananan hukumomi, za su farfaɗo. Kafin a yi fenti a jera kujeru, ina roƙonka ka dubi abin da ya riƙe talakawa a kwanakin wuya.

Takiyya, wato girkin unguwa da ake rabawa kyauta, ita ce ta riƙe mu. A unguwarmu wata gwaggo ke tsayawa kan tukunyar adas (wani irin ƙaramin wake) tun asuba, hayaƙi na zubo mata da hawaye, ga yaro a gefenta da tsohon littafin makaranta yana rubuta wanda ya kawo kwanon dawa, da wanda ya kawo gawayi, da abin da ɗan'uwa ya turo daga Jidda ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya. Bayan la'asar a karanta lissafi kowa yana ji. Ba wanda ya koya musu wannan a taron bita. Maƙwabtanmu Larabawa suna ce wa irin wannan taimakon juna nafir, mu kuma gayya muka gada, wadda da ita ake nome gonar gwauruwa, a yi wa maraya jinka.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan gado ba. A 2006 Ruwanda ta ɗauko imihigo, tsohuwar al'adar da mutum ke yin alwashi a gaban jama'a cewa zai cika wani aiki, ta ɗora wa shugabannin gundumomi: kowa ya sa hannu kan abin da zai yi a shekara, sannan a auna shi a bainar jama'a. Mutanen ƙasar kuma suna fita aikin gayya ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata. Sai dai can tara ake cin wanda ya ƙi fita. Wannan kam kada a kwaso mana shi, don ranar da aka haɗa gayyarmu da ɗan sanda, ranar za ta mutu. A Porto Alegre ta Brazil kuwa, a 1989 aka fara barin mutanen unguwa su zaɓi inda za a kashe wani kaso na kasafin birni, abin kuma ya kama ne saboda sun riga sun saba da ƙungiyoyin unguwa.

Mu ma mun ga kishiyar haka. A 1971 gwamnatin Shugaba Numeiri ta ture nazirai da umdodi, wato sarakunan gargajiya, ta kawo majalisun da aka zana a Khartoum, amma dattawanmu sun ce duk wanda aka taɓa masa iyakar gona zauren shaihu ya ci gaba da nufa.

Buƙatata ƙarama ce, ranka ya daɗe. A ware wa kowace unguwa wani kaso daga harajin kasuwarta, mutanenta su faɗi ko magudanar ruwa za a yashe ko rufin aji za a gyara, a kuma karanta lissafin a ƙofar masallaci bayan Juma'a. Matan da suka riƙe takiyya a ba su kujera a kwamitin, da ƙuri'a, ba a kira su dafa shayi ba. A fara da unguwa biyu ko uku kafin damina ta sauka. Littafin yaron nan yana nan, in ka aiko za mu kawo maka shi.

Wassalam.

Ɗanka, malamin makaranta daga Mai Wurno