Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekara

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi. An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, ko da yake mahalarta ba su da yawa.

Abin da ya fi faranta mana rai a bana shi ne ranar wayar da kai da muka shirya a kan ɗan itacen nan na dajin Ebo da ke Kamaru, wanda masanan lambun binciken tsirrai na Kew da ke Ingila da takwarorinsu na Kamaru suka bayyana wa duniya a Janairun 2022, suka raɗa masa suna Uvariopsis dicaprio domin karrama jarumin fina-finan Amurka Leonardo DiCaprio, wanda ya sa baki don kare dajin a 2020 lokacin da aka so a ba kamfanonin katako dajin. Zaure ya cika har wasu suka tsaya a bakin ƙofa. Da aka haska hotonsa a bango, mutane suka ga itacen da bai wuce mita huɗu ba, furanninsa masu ruwan ɗorawa suna fitowa daga jikin kututture, sai wurin ya yi tsit. Mai jawabi ya bayyana cewa danginsu ɗaya da gwandar daji, aka zagaya da reshenta hannu zuwa hannu, wani dattijo ya murza ganyen ya shinshina, ya tambaya yadda za a yi a ce itace ya kusa ƙarewa alhali yanzu aka san sunansa. Amsar da aka ba shi ita ce ba a san shi a ko'ina ba sai a Ebo, kuma ko da yake Shugaban Kamaru Paul Biya ya dakatar da shirin yankan katako a Agustan 2020, an sake ware wasu sassan dajin domin hakan a 2023.

Ziyarar da muka yi alkawarin kaiwa dajin kuwa ba ta yiwu ba, kuma ina so a fahimci dalili kafin a ɗora wa kwamiti laifi. Tafiya irin wannan tana bukatar mota, da ɗan jagora daga mutanen yankin, da guzurin kwanaki, duk kuwa da kuɗin wata za a yi su, alhali waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabinmu ba. Na kira waya, na aika saƙo, wasu har gida na bi su, amsar ba ta wuce "sai ƙarshen wata" ba. Haka ɗan littafin da aka rubuta da Hausa a kan itacen yake ajiye a kwamfuta, an gama gyara shi, kuɗin bugawa kawai yake jira.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne waɗanda ba su zo taro ko sau ɗaya ba su ne kan gaba wajen tambayar ina aka kwana. Ma'aji zai zo da littafin biya a zama na gaba, kowa ya duba shafinsa ya cike abin da ake binsa kafin a sake tsayar da ranar tafiya.