Rahoton ayyukan ƙungiya na 2024: inda aka kwana kan shafin karatun yara

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da sauran membobi na nan Gadarif da Kasala a gabashin Sudan, da waɗanda yaƙi ya watsa wasu garuruwa, Allah ya tsare mu baki ɗaya.

Babban abin da muka sa a gaba bana shi ne shafin karatu na intanet, tunda kun san daga Afrilun 2023 makarantu suka rufe, da yawa ma sun koma masaukin 'yan gudun hijira musamman bayan da mayaƙan RSF suka kama garin Madani a Disambar 2023, yara na zaune haka kawai ba boko ba komai. Kwamitin matasa ne suka riƙe aikin kuma wallahi sun yi ƙoƙari, kafin su taɓa kwamfuta sai da suka zana komai a takarda, suka bi gida gida suna tambayar iyaye mata wace irin waya ce a hannunsu.

Yawanci waya ɗaya ce a gidan, tsohuwa, ga shabaka, wato sabis ɗin waya, yanzu tana nan anjima babu, shi ya sa muka haƙura da bidiyo duk da wasu sun so shi, muka koma sauti gajere da rubutu manya manya, kuma kowane darasi ana iya sauke shi a ajiye, domin ɗaukewar intanet ta watan Fabrairu ta nuna mana dole abu ya zauna a cikin wayar. Babu rajista babu fasuwod, yaro ya danna ajinsa, ya danna lisafi ko Larabci, shi ke nan ya shiga. Ni a ganina nan ne aka fi dacewa.

Maganar rubutu ta ja muhawara sosai. Yaranmu da Larabci suka saba, daga dama zuwa hagu, Hausar boko kuma daga hagu take tashi, in aka cusa su a layi ɗaya sai su hargitse a ƙaramin allo. Aka tsaya kan rubutu ya zama Larabci kamar yadda yake a manhaja, bayani kuma malami ya yi da Hausa a sauti, hakan ya sa uwar da ba ta yi makaranta ba ma tana bin karatun ɗanta.

Gudummawar da kuka turo ta Bankak, wato manhajar tura kuɗi ta Bankin Khartoum, ta tafi ne a data da cajin wayoyi, ma'aji zai karanto dalla dalla ranar taro. Baɗi muna neman malamai mata da za su naɗi darasin 'yan aji ɗaya zuwa uku, mai hali ta sanar da sakatare kafin azumi don Allah.