Zuwa ga kamfanin feshin da ya bar mini rina a gida

Ranka ya daɗe shugaban kamfani, assalamu alaikum.

Sau huɗu ina kiran wayarku ana ce mini maigida ya fita, shi ya sa na kawo maganar fili.

Ni magidanci ne a unguwar Bukoki, nan Yamai. Da damina ta kankama, rina ta yi gida a ƙarƙashin rufin rumfarmu, daidai saman randar ruwa. Na biya ku jikka 15 don a raba ni da ita, takardar biyan tana hannuna.

Yaronku ya iso da ƙarfe 12 na rana. Ko ni da ban karanci aikin ba na san a wannan lokaci yawancin rina tana waje neman abinci, sai magariba take tattaruwa a gida. Da dare ko da asuba ake yi mata. Na faɗa masa, ya ce: "Baba, bar mini aikina."

To, ga aikin nasa. Ya bi bango da sanda yana farfasa gidajen zanzaro, waɗannan na laka. Zanzaro fa! Wanda ke gininsa shi kaɗai, yana kwashe mana tsutsa da gizo-gizo, shekara da shekaru bai harbi kowa a gidan nan ba. Saƙar rina kuwa, mai ramuka kamar takarda, wadda ke rataye a jikin katako, daga nesa ya fesa mata magani ya ruga ƙofar gida. Bai cire ta ba. Bai ma ce a rufe randa ba, sai zubar da ruwan muka yi.

Da la'asar waɗanda suka fita suka dawo a fusace. Ƴata mai shekara 6 ta je wajen randa, rina ɗaya ta harbe ta sau uku a fuska, don ita ba kamar zuma ba ce da ke barin ƙarinta ta mutu. Ido ya kumbura ya rufe ruf. A likita muka yi sallar isha, magani ya ci jikka 4.

Yau kwana 9, saƙar tana nan, har ta ƙara faɗi.

Ku aiko wanda ya san rina da zanzaro, ya zo bayan magariba da rigar kariya da tsani, ya sauke saƙar a gabana. In ba haka ba, ku mayar mini da jikka 19 ɗina kafin Jumma'a.

Naku,
Wani magidanci a Bukoki