Ina labarin da yaro zai karanta, uba ya ƙwace?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da marubutanmu, da ku kanku 'yan jarida. Ni malamin Hausa ne a ƙaramar sakandare, kuma abin da ke damuna shi ne yaro ɗan shekara 10 zuwa 14 ba shi da sabon littafin Hausa da aka rubuta dominsa. In ya wuce littafin aji, sai ya faɗa cikin labaran soyayya da kishi da yayyensa mata ke turawa juna ta WhatsApp, ko littattafan yaƙi waɗanda kowane shafi sai an sare kawuna dubu, amma ba inda mutum zai yi ko murmushi.

Ba haka muka gada ba. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙaga labari, kuma cikin littattafan da suka fito akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara. Imam a lokacin saurayi ne, malamin makarantar Midil a Katsina. Neman wani ruwa mai magani shi ne ƙashin bayan labarinsa, da aljannu da doguwar tafiya, amma ku tambayi duk wanda ya karanta abin da ya riƙe. Ba ruwan zai ce ba. Malam Zurƙe ɗan Muhamman zai ce, da yadda shi da Alhaji Imam suke ta ɗana wa juna tarko gari bayan gari, yau wannan ya sha kashi, gobe ya rama. Yaro yana dariyar dukan da aka sha. Babba kuwa yana dariya ne don ya san malamin tsibbu irin wannan a unguwarsu, ya san alƙalin, ya san attajirin da kwaɗayi ya kai shi ya baro. Shafi ɗaya, dariya iri biyu. Abin da ya sa littafin bai tsufa ba ke nan.

Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, ya ma fi nuna dabarar. Aku ne ke riƙe ɗan sarki da labari don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. Imam ya ɗebo labarai da yawa daga Larabawa da Indiya da Turai, ya sa musu riga da hula har ba mai cewa baƙi ne. Na sha karanta wa aji labarin Kalala da Kalalatu, kuma ba yara kaɗai ke ƙyaƙyatawa ba, har malaman da ke wucewa ta taga kan rage sauri. Ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Ga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi sararin samaniya a 1969, shekarar da mutanen Amurka suka sauka a kan wata.

To, me ya hana a ci gaba? Wasu za su ce waya ta kashe karatu. Ban yarda ba, domin matan aure na karanta labari mai babi ɗari a wayar nan, har su biya kuɗi. Ni a ganina marubuci in ya zauna rubuta wa yara, sai tsoro ya kama shi, ya koma mai wa'azi. Kowane babi sai ya ƙare da jan kunne. Yaro kuwa da ya sansano an zo yi masa faɗa ne, ya rufe littafi. Tarbiyya ba ta hana ban dariya. Kakanninmu da Gizo da Ƙoƙi suka rene mu, Gizo kuma ba mutumin kirki ba ne.

Kayan aiki kuwa ga su nan zube: dodannin ruwa, 'yan tauri, maharba da layar zana, ganuwar Kano, kukoki masu aljannu. Me zai hana aljani ya shiga Adaidaita Sahu ya yi rigimar canji da direba?

Roƙona gare ku, Edita, ku ware rabin shafi kowane mako ga labari irin wannan mai ci gaba, da zane ko guda ɗaya. Imam ɗin nan ai shi ne editan Gaskiya Ta Fi Kwabo na farko a 1939, don haka aikin gidanku ne. In kuma za ku sa gasa, ku haɗa da yara biyu ko uku cikin alƙalai, a karanta musu da baki. Wanda bai ba su dariya ba kafin shafi na biyar, a mayar wa mai shi ya sake.

Na gode.

Wani malamin Hausa,
Funtuwa, Jihar Katsina